Birnin Gazargamu, tsohon birnin kwarin Komadugu

Matafiyin da ya sauka Gagamari, bisa babbar hanyar Difa zuwa Mayine-Sorowa, in ya fuskanci kudu, kogin Komadugu ne gabansa. Can sama, ƙetaren kogin, gabas da Gaidam cikin ƙasar Najeriya, nan kufan Birnin Gazargamu yake. Yau iyaka ta raba, amma a da mutanen Manga na gaɓa biyu, wannan birni ne fadarsu.

Mai Ali Gaji ne ya kafa shi wajen shekara ta 1470, bayan da sarautar Saifawa ta baro Kanem. An kewaye shi da ganuwa ta ƙasa mai tsawon fiye da kilomita 6, da ƙofofi 5. Fadar kuwa da jan bulo gasasshe aka gina ta, abin da ba kasafai ake gani ba a ƙasashen nan. Daga wannan fada Mai Idris Alauma ya yi mulki a ƙarni na 16, ayarin Fezan na shigowa ta Bilma. A shekara ta 1808 mayaƙan jihadi suka ci birnin. A 1814 Shehu Laminu ya kafa Kukawa, Gazargamu ta koma kufai.

Mai ziyara ba zai tarar da soro ko ɗaya tsaye ba. Tudun ganuwa ne, da ɓaraguzan bulo cikin rairayi. Irin wannan bulo akwai shi a Garumele, kusa da Gigimi, cikin ƙasarmu. Abin takaici, ɗan lakwal na Difa ya fi sanin sunan Paris da sunayen nan biyu.

Abincin kwarin dai bai zama kufai ba. Baƙo zai samu burabusko na gero da miyar kuka, da bandar kifin tafkin Cadi, da jan tattasai da ake nomawa bakin kogi, a shanya, a ɗura cikin buhu.

Sai dai rikicin Boko Haram ya taɓa hanya da tukunya duka. A ƙarshen 2014 ƴan gudun hijirar Damasak suka cika Gagamari. A 2015 aka sa dokar ta-ɓaci a jihar Difa, aka hana cinikin kifi da tattasai, sai daga baya aka sassauta. Duk mai niyyar zuwa kufan, lalle ya fara neman shawarar hukuma.