Tsohuwar Ma'aikatar Gyaran Jirgin Ƙasa ta Freetown

A unguwar Cline Town, cikin birnin Freetown na ƙasar Saliyo, akwai wata doguwar rumfa inda a da makanikai da maƙera suke gyaran jiragen ƙasa. Reluwen ƙasar ya daina aiki a 1974, aka tuge dogo aka sayar. Amma waɗansu kawunan jirgi da taragai sun tsira, domin an kulle su a cikin wannan rumfa.

Sun ga tashin hankali kuwa. Lokacin yaƙin basasa na 1991 zuwa 2002, dubban 'yan gudun hijira sun fake a wurin, suna kwana a tsakanin taragai. Da ƙura ta lafa aka share wurin, aka yi wa jiragen kwaskwarima, aka buɗe shi a 2005 a matsayin gidan kayan tarihin reluwe na ƙasa.

Abin da ya fi tsayar da mai ziyara shi ne wani ƙaton kan jirgi mai aiki da tururi, samfurin Garratt, wanda aka ƙera a Manchester ta Ingila. Ya kamata a dube shi a tsanake. Hanyar jirgin Saliyo siririya ce, faɗinta ƙafa 2 da inci 6 kacal, ga kwana-kwana, ga hawa. Saboda haka sai aka rataya tukunyar tururin a tsakiya, aka sa injin da ƙafafunsa a gaba, wani a baya. Ta haka nauyi yana rabuwa, jirgin kuma yana iya lanƙwasa a kan kwana ba tare da ya sauka daga dogo ba. Akwai kuma taragon da aka shirya domin ziyarar Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 1961, wanda ba ta ko shiga ba.

Wannan siririn dogo ba baƙo ba ne ga mutanen Nijeriya. Irin faɗinsa ne da na ƙaramin jirgin da ya tashi daga Zariya ya kai Jos a 1914 domin jigilar kuza, aka rufe shi a 1957. Dattawan Rahama da na Jengre sun san labarinsa. Abin da ya saura na kawunansa da taragansa yana ajiye a harabar gidan kayan tarihi na Jos, kuma ƙofa a buɗe take ga ɗalibai da sauran jama'a.