Asalin Sanyin Ƙashi Da Abin Da Likitoci Suka Gano

A Gulma da Argungu, in masunci ko manomin fadama ya wayi gari gaɓoɓinsa sun kumbura, sai a ce sanyin ruwan Rima ne ya kama shi. Amma masana sun tabbatar akwai wani irin ciwon gaɓa wanda asalinsa daga cikin jiki yake.

Shi ƙashi ba busasshen abu ba ne. Akwai ƙwayoyin halitta iri biyu cikinsa, waɗansu suna rushe tsoho, waɗansu suna gina sabo, kamar yadda akan yi wa soro yaɓe kowace shekara. Akwai kuma garkuwar jiki, wato rundunar da ke cikin jini mai yaƙi da cuta. Wani lokaci rundunar nan takan ɓata hanya ta faɗa wa gaɓoɓin mai ita, ta zuga masu rushewa har su rinjayi magina. Daga nan ƙashi ya zaizaye, yatsu su karkace.

A Zariya aka sami wata hujja. Cikin 1973 Likita Whittle da Likita Greenwood da abokan aikinsu suka ba da labarin masu sanƙarau waɗanda gaɓoɓinsu suka kumbura 'yan kwanaki bayan an fara yi musu magani. Suka nuna ragowar yaƙin garkuwa ce ta taru a gaɓa ta jawo kumburin.

Cikin 1992 kuma, a birnin Landan, Maini da Feldmann suka gwada maganin da ke ɗaure wani sinadari mai suna TNF, wanda ke rura kumburi, majinyata suka sami sauƙi ƙwarai. Wajen 1998 aka gane RANKL, shi ne saƙon da ke tayar da masu rushe ƙashi.

To, ga inda amfanin yake. Ƙashin da ya riga ya zaizaye da wuya ya komo. Wanda yatsunsa ke sandarewa da asuba fiye da sa'a guda, hannu biyu duka, har mako shida, ya hanzarta zuwa asibiti, kamar na Sir Yahaya a Birnin Kebbi. Fatake kuwa su kula: ƙwayar dexamethasone takan kwantar da zogi nan take, amma yawan shanta ba da izinin likita ba yana cinye ƙashin da ake neman ceto.