Jeren Aji Ma Jere Ne

Kowaccenmu ta san jeren ɗakin amarya, ta san inda langa za ta zauna da inda fanteka za ta hau. To amma wa ta taɓa leƙa ajin ƙaninta na firamare ta duba yadda aka jera shi?

Mu je Wara, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski, a bakin tafkin Kainji da ya samu bayan gama madatsar ruwa a 1968. Yaron nan ɗan shekara 5, wataƙila Kambarci ko Gunganci ake yi a gidansu, ya tashi cikin kwale-kwale da taru. Ranar farko a makaranta sai ya tarar da benci ya fi ƙarfinsa, ƙafafu na lilo, allo can sama, ga hoton tuffa a bango, abin da bai taɓa ci ba. Haba! Ina zai saki jiki?

Tun 1907 wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, ta buɗe gidan yara a birnin Rum, ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsawonsu. Ke malama ta gobe, ba sai da kuɗi ba. Shimfiɗa tabarma, zaunar da su da'ira, kowa na ganin bakinki. Marar gani sosai ki matso da shi gaba, kuma kada hasken taga ya riƙa dukan allo. Ki nemo kwali a kasuwa, ki zana tarwaɗa ki rubuta T, ki zana kifi ki rubuta K. Ki liƙa su daidai idon yaro, don shi aka yi su. Ƙirga kuwa, murafen kwalba da tsakuwa sun isa.

Sai dai fa mu mata akwai son cika bango. A 2014 masana a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka sun gwada yara 24, suka ga a ajin da ado ya yi yawa hankalinsu ya fi tafiya kallon bango, abin da suka koya ya ragu. Don haka gefen allo ki bar shi fayau. Hotuna kaɗan, ki riƙa sauya su da darasi, ki ware kusurwa guda ta zanen yaran kansu, da sunan kowa a ƙasa. Ranar da Inna ta zo ɗaukar ɗanta, da hannu zai ja ta ya nuna mata nasa kifin.