Gyaran ramin buji

Da safe motocin kaya suna shiga Maraɗi daga Jiratawa da Tibiri. Suna ɗauke da tumatir, albasa, zogale da buhunan hatsi. Manyan kamiyo suna shan gazuwal, ba su da buji. Ƙananan motoci masu shan esansi, kamar tsohuwar Peugeot 404 mai rufin tamfol, su ke da shi.

Buji ne ke ba da tartsatsin da ke kunna esansi a cikin inji. Ana murɗa shi cikin wani rami a kan inji, sashen da makanikai ke kira kilas. Faɗin ramin yakan kai milimita 14. Ramin yana da haƙora, buji ma yana da nasa.

Haƙoran buji na ƙarfe ne mai tauri. Na kilas kuwa galibi na alminiyom ne, mai taushi. Idan aka sa buji a karkace, ko aka matse shi fiye da kima, sai haƙoran ramin su cinye. Buji ya yi sako-sako, iska ta riƙa fita, mota ta rasa ƙarfi. Wani lokaci ma yakan yi tsalle ya fita. Motar da ta tsaya a hanya da rana, tumatirinta ya lalace.

Sabon kilas yana da tsada, shi ya sa ake gyaran ramin:

1. Makaniki ya bar inji ya huce.
2. Ya shafa giris a jikin ƙarfen yanka haƙora.
3. Ya murɗa shi a miƙe, sannu sannu, ya yanka sababbin haƙora masu ɗan faɗi. Giris yana kama ɓarɓashin, kada ya faɗa cikin inji ya karce shi.
4. Ya hura iska ya share ramin.
5. Ya murɗa wani zoben ƙarfe mai haƙora ciki da waje.
6. Ya mayar da buji cikin zoben.

An ƙirƙiro wannan dabara a Amurka a ƙarshen shekarun 1930, domin injin jiragen sama.

Rigakafi ya fi magani. Makanikin kirki yana koya wa yaransa su fara murɗa buji da hannu. Sai ya zauna daidai, sannan a sa masa maɗauri.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin buji?
2. Don me haƙoran ramin ke cinyewa?
3. Mene ne amfanin giris wajen gyaran?