Moɗa, Jarka da Randa: Lissafin Wutar Kyamara a Kan Ruwa

Kifi ba ya sallama. Mai fatsa zai zauna cikin kwalekwale tun daga assalatu har rana ta take tsaka, igiya na reto a ruwa babu ko motsi, sai can da la'asar, ya fara tunanin gida, giwan ruwa ya fizgi ƙugiya. Daga fizgar zuwa jefo shi cikin jirgi, mintoci ne ƙalilan. Mintocin nan su ne abin da mai ɗaukar bidiyo ya fito nema, kuma babu mai gaya masa lokacin da za su zo. Shi ya sa duk wanda ya ɗaura ƙaramar kyamara a goshi ko a bakin jirgi, a tafkin Kainji ne ko a madatsar Tiga, yake son ta wuni tana aiki.

Ita kuwa ba don wuni aka ƙera ta ba. Nick Woodman, Ba'amurken da ya kafa kamfanin GoPro a 2002, mai wasan hawa igiyar teku ne, kuma abin da yake so shi ne ɗaukar wasan da ba ya daɗewa. Daga baya kamfanonin Sin irin su DJI da Insta360 suka shigo kasuwar, amma tsarin bai sauya ba: jiki ɗan mitsitsi, batir ɗan mitsitsi. Batirin GoPro daga HERO9 zuwa HERO12 yana ɗaukar mAh 1720, na HERO13 kuma 1900. In kana ɗauka da ingancin 4K, tsakanin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi zai ce ga garinku. Masunci kuwa awa goma yake yi a kan ruwa bai ji komai ba.

Duk wanda ya taso a gidan da famfo ke kawo ruwa sai ya ga dama, ya riga ya san maganin wannan matsala, ko da bai taɓa riƙe kyamara ba. A irin gidan nan uwargida tana da moɗa, tana da jarka, tana da randa. Moɗa ce ke kai ruwa baki, amma babu mai hankalin da zai ajiye ruwan wuni a cikinta. Kafin ta aika a kira mai ga-ruwa ta gama lissafi a ranta: na girki, na wanke-wanke, na alwala, na wankan yara. Ba ta ce masa "kawo da yawa". Adadi take faɗa masa, don ta san abin da gidanta ke sha. Batirin cikin kyamara shi ne moɗa, fawa-banki shi ne jarka, babban batir mai bolt 12 kuma shi ne randa.

To, nawa kyamara ke sha? Lambar mAh da ake bugawa a jikin kaya ba ta isa awo ba sai an haɗa ta da bolt. Batir mai mAh 1720 a kan bolt 3.85 yana riƙe da wat-awa 6.6. Tunda yana ƙarewa cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, ke nan kyamarar tana jan kimanin wat 5. Awa goma sau wat biyar, wat-awa 50 ke nan. Wannan ita ce lambar da ya kamata mutum ya riƙe a kansa kafin ya shiga kasuwa.

Hanya ta farko ita ce tara moɗa: ka sayi batura bakwai ko takwas, ka caje su da dare, ka riƙa musanyawa. Hanyar tana da amfani guda babba, murfin kyamara yana nan a rufe, ruwa ba ya shiga. Sai dai ka dubi yadda musayar take a cikin kwalekwale. Hannunka da yauƙin tarwaɗa da ƙarnin tsutsa, jirgi na lilo, kai kuma kana ƙoƙarin ɓalle ɗan murfi da farce, ka zaro batir mai zafi, ka lalubo sabo a aljihu. Ɗigon ruwa ɗaya ya faɗa ramin ya isa ya ɓata maka rana. Sannan in kyamarar a goshinka take, ba ka ganin fuskarta, sau da yawa ba za ka san ta mutu ba sai ka gama kokawa da kifi ka sauke ta ka tarar da ita baƙa ƙirin.

Hanya ta biyu ita ce ka jona kyamarar da fawa-banki ta kebul ɗin USB-C, ta riƙa sha kai tsaye daga jarka. A nan ma akwai lissafi. Fawa-bankin da aka rubuta wa mAh 10,000, a kan bolt 3.7 aka auna shi, wato wat-awa 37. Amma duk wadda ta taɓa juye ruwa daga jarka zuwa buta ta san ba duka ke shiga ba, wani a ƙasa yake ƙarewa. Fawa-banki yana ɗaga wutarsa zuwa bolt 5 kafin ta bi kebul, kyamara kuma ta sake sauke ta, kuma a kowane juyi wani kaso yana zama zafi ya bi iska. Kusan kashi ɗaya cikin biyar ke tafiya haka. Abin da zai rage maka wajen wat-awa 30 ne, awa shida ke nan. Mai mAh 20,000 yana riƙe da wat-awa 74, bayan zuba a sami kimanin 60, shi ne zai kai ka magariba har da rara.

Wannan fa in jarkar ta gaskiya ce. Kasuwa cike take da fawa-bankin da aka buga wa 50,000 a jiki, ka ɗauka ka ji shi sakayau kamar ba komai a ciki. Batir nauyi gare shi. Mai 20,000 na gaske ya kan kusanci rabin kilo, ko ƙasa da haka kaɗan. Araha ba ta ado. A duba kuma ya kasance yana iya ba da bolt 5 da amfiya 2 ko fiye, in ba haka ba kyamarar za ta riƙa ƙorafin ƙarancin wuta ko ta ɗauke. Kebul siriri mai tsawon gaske shi ma yana shanye wuta a hanya, gajere mai kauri ya fi. Wani hali na fawa-banki da ya kamata a sani: in ya ji an daina jan wuta, sai ya yi barci. Ka kashe kyamara don cin abinci, ka sake kunna ta, kana zaton tana sha daga jarka alhali moɗarta take ƙarasawa, sai ka danna maɓallinsa kafin ya farka.

Babban kuɗin da ake biya a wannan hanya shi ne murfi. GoPro tana jure ruwa har zurfin mita 10, amma da sharaɗin murfin gefenta yana rufe ruf. Ramin caji a ƙarƙashin murfin nan yake, tare da batir da katin memori. Ka cire shi don kebul ya shiga, kariyar ta tafi. Akwai murfi mai ƙofa da ake sayarwa don kebul ya ratsa. Yana tare feshi da yayyafi, amma ba a nutsa shi. Wanda ke son ya tsoma kyamara a ruwa ya ɗauko kifi yana waiwaya a gefen jirgi, dole ya zare kebul ya mayar da murfin asali. Wata 'yar dabara da masu wayarin gida suka sani tana aiki a nan: a bar kebul ya yi lanƙwasa ƙasa da ramin caji kafin ya hau, don ruwan da ya biyo shi ya ɗiga a gindin lanƙwasar maimakon ya gangara cikin kyamara.

Sai zafi, wanda a ƙasarmu ya fi ruwa kashe kyamara. Ba a ajiye randa a tsakar rana. Lungu mai inuwa ake nema mata, a ɗora faifai a baki, kuma yaron da ya bar ta a buɗe zai ji "Kai, zo ka rufe mini randa!" tun daga madafi. Kyamara tana da ma'aunin zafi a ciki, in ta ji ya wuce kima sai ta kashe kanta, ko da wuta ta yi mata yawa. A watan Maris da Afrilu zafin Yauri yana haura digiri 40, ga jikin kyamarar baƙi, ga hasken da ruwa ke maidowa. Muddin jirgi na tafiya iska tana fifita ta. Da an tsaya an jefa fatsa, fifita ta ƙare. Caji ma yana ƙara mata zafi, domin batirin da ke ciki yana ɗumi yayin da ake cika shi. Shi ya sa wasu ke zare batirin gaba ɗaya su bar ta da wutar waje kawai, kuma hakan yana taimakawa sosai. Amma wanda ya jefar da moɗa ya dogara da tiyo, ranar da tiyo ya zame babu ko kurɓi: igiyar fatsa ta harɗe kebul ta fizge, kyamara ta mutu nan take, bidiyon da take rubutawa ma yana iya lalacewa. Da sanyin safiya a bar batir a ciki, in rana ta yi tsaka a zare shi a ɗaure kebul da kyau. Ɗan kwali ko fefen roba fari da aka kafa a samanta kamar rumfa yana rage mata rana.

Shi ma fawa-bankin inuwa yake so da bushewa. Jakar da ba ta shan ruwa ko robar abinci mai murfi ta wadatar, a huda gefenta don kebul, a tura ta ƙarƙashin katakon zama, a ɗan ɗaga ta daga gindin jirgi inda ruwa ke taruwa. Roba mai garai-garai da aka bari a rana kuwa gasa shi za ta yi. Batirin litiyam da ya sha ruwa ko ya kumbura yana iya kamawa da wuta, saboda haka kada ya zauna kusa da jarkar fetur.

Randa, wato batir mai bolt 12, ta wanda ke kwana a ruwa ce ko mai kyamara biyu. Batirin mota mai amfiya-awa 60 yana riƙe da wat-awa 720. Ko rabinsa ka yi amfani da shi, kamar yadda ya dace da batirin dalma don kada ya mutu da wuri, ya ishe ka mako guda. Ana haɗa masa cajar mota mai ramin USB, a sa fis kusa da kan batirin, a rufe kawunan don kada ƙarfe ya haɗa su. Injinan jiragenmu da yawa da igiya ake tayar da su, ba su da batir, sai dai mutum ya shigo da nasa. In kuwa jirgin mai makulli ne, kada a shanye batirin da zai tayar da inji a tsakiyar tafki. Farantin sola kuma ruwan indararo ne: in ya zo an gode, amma ba a kafa masa baki a sha, randa ake tara masa. Wutarsa tana hawa da sauka da kowane gajimare da kowace juyawar jirgi, don haka ya cika fawa-banki na biyu, kada a jona shi da kyamara kai tsaye.

Duk girman randa, gidan da ake barin ruwa na tsiyaya ba ya kai yamma. Ingancin 1080 ya wadatar ga bidiyon da yawanci a waya za a kalle shi, kuma ya fi 4K sauƙin wuta da zafi nesa ba kusa ba. Allon gaba da na baya su riƙa mutuwa da kansu, a kashe Wi-Fi da GPS. Akwai tanadin HindSight da ya zo da HERO9 a 2020, wanda ke riƙe daƙiƙa 15 ko 30 na kafin ka danna maɓalli, har ka kama fizgar da ta riga ta wuce. Memori yake cetowa, ba wuta ba, domin kyamarar a farke take duk tsawon lokacin. Memorin ma abin lissafi ne: a kan megabit 100 a daƙiƙa, awa ɗaya tana cin gigabait 45, wuni ya ci 450. A 1080 ana iya sauka kusa da gigabait 20 a awa, katin 256 ya ɗauke wunin. Ana iya ba kyamarar umarni da baki in hannu ya cika, sai dai ba ta jin Hausa, kuma ƙarar inji da iska suna toshe mata kunne.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana biyu kafin fita, a haɗa komai yadda zai zauna a jirgi, kyamara da kebul da roba da fawa-banki, a ajiye a tsakar gida inda rana ke duka, a kunna, a duba agogo. Gwajin nan zai nuna ko jarkar ta cika awon da aka rubuta mata, da ƙarfe nawa zafi ke kashe kyamarar, da ko kebul yana da sako-sako. Ga mafi yawan masu fita da safe su dawo da yamma, amsar ba ta wuce fawa-banki mai 20,000 na gaske, da gajeren kebul, da murfi mai ƙofa, da batura biyu a aljihu don lokacin da za a tsoma kyamara a ruwa. A ƙara da igiya mai ƙarfi da za a ɗaure kyamarar da jikin jirgi, domin in ta suɓuce ba ta iyo, nutsewa take yi da bidiyon wunin duka a cikinta.