Dashen ido: hakiyar da ke komowa bayan aiki

Gobarar shekara ta 2012 ta cinye Ƙaramar Kasuwar Yamai, wadda Zabarmawa ke kira Habu Ganda, amma ba ta kori masu tallar magani daga titunan da ke kewaye da ita ba. Cikin masu tsayawa gabansu har da ɗan kasuwar da ya kashe miliyoyin sefa a ƙasar waje aka yi masa dashen ido, ya komo yana gani garau, sai bayan wasu shekaru hazo ya sake rufe masa gani.

Abin da ake dasawa shi ne korne, wato siririyar fatar nan mai kama da gilashi da ke gaban baƙin ido. Likita Eduard Zirm ne ya fara cin nasarar wannan aiki a 1905, a garin Olomouc na ƙasar Cek ta yanzu. Sai dai sabuwar fatar takan gaji matsalar tsohuwa. Akwai wani furotin da ake kira amiloyid, wanda ke taruwa a cikinta sannu a hankali har ta dushe.

Dalilan sun bambanta. Wasu sun gaji cutar ne daga iyaye: a 1997 masana suka gano ƙwayar halittar da ke haddasa nau'o'i da dama nata, kuma dashe ba ya kawar da ita daga jiki. Wasu kuwa amodari ne ya juya gashin idonsu ciki, yana gogar fatar dare da rana. Muddin ba a gyara fatar idon ba, sabon dashen ma zai sha wannan gugar.

Babu ɗigon magani na bakin titi da ke narkar da wannan furotin. Hasali ma, wanda ke ƙunshe da kortizon, idan aka daɗe ana ɗiga shi ba da sanin likita ba, yana iya jawo hawan ruwan ido, makantar da ba ta da gyara. Likitan ido kuwa, in an zo da wuri, yana iya kankare saman fatar, ko ya sake dashen.

Saboda haka, duk wanda aka yi wa wannan aiki, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati, ya adana takardunsa na asibiti, ya riƙa komawa awo ko da ido lafiya lau yake. Da ya ga ja, ko zafi, ko hazo, ya nufi sashen ido na Babban Asibitin Ƙasa na Yamai a ranar.