Jarin Albasa da Akwatin Mata: Dalilin da Ya Sa Gabashin Sakkwato Ke Neman Rance a Gida

A fadamun gulbin Rima, daga ƙasan madatsar ruwan Goronyo har zuwa Wurno, kuɗi yana da lokacin fita yana da lokacin shiga, kuma tsakaninsu akwai wata huɗu ko biyar. Manomin albasa yakan zuba iri tun damina ba ta gama ɗaukewa ba, ya yi dashe cikin Nuwamba ko Disamba, daga nan kuma sai ɗawainiya: taki, maganin ƙwari, ladan 'yan ƙwadago, da fetur ɗin injin ban ruwa, wanda ya zama babban nauyi tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023. Ba zai ga kwabo ba sai wajen Maris, kuma a lokacin kowa ya cire tasa, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Wanda ya iya zuba albasarsa a rudu, wato rumbun ajiyarta na gargajiya, ya jira ƙarshen shekara, shi ne yake cin moriyar noman. Saboda haka ana bukatar jari sau biyu a wannan yanki, na shuka da na jira, kuma na biyun ya fi wuyar samu. Haka abin yake ga mai tafarnuwa a Wurno, da matar da ke turara shinkafa a cikin gida, da wanda ya turke rago a Rabah yana jiran babbar salla. Mafi yawansu ba banki suke dosa ba. Suna zuwa wurin uwar adashi, ko akwatin ƙungiya, ko dillalin da zai sayi amfanin gonar. Ra'ayina shi ne wannan zaɓi yana da hujja mai ƙarfi, amma yana da iyakar da ba zai iya tsallakewa shi kaɗai ba, kuma duk kuɗin da zai zo daga waje ya kamata ya tsaya a bayan waɗannan ƙungiyoyi ya tokare su, kada ya zo ya maye gurbinsu.

Alƙaluma suna nuna girman gibin. Binciken cibiyar EFInA na 2020 ya gano cewa kashi 68 cikin ɗari na baligai a Arewa maso Yamma ba su hulɗa da kowace irin kafar kuɗi. A na 2023 adadin ya sauko zuwa kashi 47, alhali na ƙasa baki ɗaya yana kashi 26. Ci gaba ne, sai dai mafi yawansa na buɗe asusu ne da tura kuɗi da cirewa a wurin masu POS. Waɗanda suka karɓi rance daga banki ko wata cibiya mai lasisi ba su kai ɗaya cikin goma ba a duk faɗin ƙasar. Ga kuma rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022, wanda ya sa Sakkwato a kan gaba wajen talauci mai fuskoki da yawa, da kusan kashi 91 cikin ɗari na jama'arta. Inda jama'a suke a wannan hali, rancen da ake nema ƙarami ne, masu nemansa suna da yawa, kuma sun warwatsu a ƙauyuka. Wannan shi ne irin cinikin da banki ya fi ƙi, domin kuɗin da zai kashe ya tura ma'aikaci ya duba gonar mai neman naira dubu ɗari bai bambanta sosai da na mai neman miliyan goma ba.

Ba yau aka fara ƙoƙarin cike gibin daga sama ba. Gwamnatin Janar Babangida ta kafa Bankin Talakawa, wato People's Bank, a 1989, sannan ta fito da tsarin bankunan al'umma a 1990, wanda na farkonsa shi ne bankin Alheri a Tudun Wadar Kaduna. A 2000 aka narkar da Bankin Talakawa cikin abin da daga baya ya zama Bankin Manoma. A ƙarshen 2005 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankunan al'umma su rikiɗe su zama bankunan ba da ƙananan rance, a 2010 ya soke lasisin 224 daga cikinsu, a Mayun 2023 kuma ya soke na wasu 179. Waɗanda suka rayu sun fi yawa a Kudu da manyan birane. Ko da ma ɗayansu ya iso ƙauye, kayan da yake ɗauke da shi bai dace da kalandar fadama ba: rance ne da ake fara biya bayan mako ɗaya ko biyu, da kuɗin ruwan da kashi 4 ko 5 cikin ɗari a wata ba baƙon abu ba ne. An tsara shi ne don mai shago da ke juya kuɗi kullum. Albasar da ke cikin ƙasa ba ta biyan bashi duk Juma'a.

Abin da mai ba da rance na gida ya mallaka, wanda banki ba zai iya saya da arha ba, shi ne sani. Uwar adashi ba ta bukatar takardar mallakar fili, domin ta san wadda mijinta ya tafi cin rani, da wadda ta aurar da ɗiya bana, da wadda ba ta taɓa fashin zubi ba. Jinginar da ake bayarwa ita ce mutunci, kuma a garin da kowa ya san kakan kowa, jingina ce mai nauyi. Sai dai adashi yana da tawaya guda: kwasa tana zuwa ne bisa layi, ba lokacin da bukata ta taso ba. Gyaran wannan tawaya daga maƙwabta ya fito. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi, inda mata kamar ashirin ko talatin ke haɗuwa duk mako su yi zubi a akwati mai makullai uku, kowane mabuɗi a hannun mace daban. Mai bukata ta ranta daga ciki ta mayar bayan 'yan watanni, a ware wani ɗan asusu don rashin lafiya ko rasuwa, a ƙarshen zango kuma a fasa akwati a raba. Ba a kawo musu ko sisi daga waje ba, horo kawai aka ba su. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama a Afirka da Asiya, ya kuma dawo ƙasar Hausa ta wannan ɓangaren iyaka ta hannun ƙungiyoyin raya karkara. Ya karɓu ne saboda bai zo da baƙon abu ba. Adashi ne aka yi wa littafi da ƙa'ida.

Akan ce ƙyamar riba ce ke hana mutanen wannan yanki zuwa banki. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba abin rainawa ba ne a ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna ribaɗi kuma aka binne shi, wato Wurno. Amma bayanin bai cika ba, domin bankin Jaiz yana aiki tun 2012, TAJ tun 2019, Babban Banki ma ya fitar da ƙa'idojin ƙananan bankunan da ba ruwansu da kuɗin ruwa a 2017, duk da haka manomin tafarnuwa bai samu jarin jira ba. Ko babu riba, tsadar isa ƙauye tana nan. Wani abin lura kuma shi ne matsalar ribar tana bin akwatin ƙungiya har gida, domin a tsarin asali wadda ta ranta tana ɗora wani abu a kai. Wasu ƙungiyoyin suna kauce wa haka ta hanyar sayen kayan da kansu, buhun shanshera ko tunkiya, su sayar wa 'yar ƙungiya bashi a kan farashin da aka yanke tun farko. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Sakkwato ya riga ya tanadi hanyoyin: akwai ƙirali, inda mai dukiya ya ba da jari mai aiki ya juya a raba riba, akwai kuma cinikin salam, inda ake biyan kuɗi yanzu a karɓi amfanin gona daga baya bisa awo da siffa da lokaci sanannu. Risala ta yi bayanin duka biyun. Abin da ya rage shi ne malamai da shugabannin ƙungiyoyi su zauna su mayar da su yarjejeniya mai shafi ɗaya da kowa zai gane.

Ƙorafi mafi ƙarfi a kan rancen gida shi ne cewa sanin juna ba ya hana zalunci, har ma yakan sauƙaƙa shi. Wannan gaskiya ne. Falle, wato karɓar kuɗi ko hatsi a lokacin ƙunci a biya da amfanin gona idan kaka ta yi, tsohon abu ne a ƙasar Hausa, kuma Polly Hill ta rubuta a kansa a nazarinta na Batagarawa da ya fito a 1972. Sabon salonsa shi ne dillali ya ba da taki da fetur a watan dashe, da sharaɗin shi za a sayar wa albasa ranar cira. Ba a ambaci kuɗin ruwa ba, amma manomi ya rasa daidai abin da ke kawo riba, wato ikon jira. Sai dai a duba dalilin da ya sa dillali ke da wannan ƙarfi: shi kaɗai ne mai kuɗi a hannu a watan da ake nema. Hana shi ba zai samar wa kowa taki ba. Abin da ke rage masa ƙarfi shi ne samuwar wata ƙofa, kuma a ƙauye ƙofar da ta fi kusa ita ce akwatin ƙungiya. Haka nan masu cewa wayar hannu ta warware komai suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Moniepoint da OPay sun sauƙaƙa biyan kuɗi ƙwarai, amma manhajar da ke auna mutum da yawan kuɗin da ke ratsa asusunsa ba za ta ga manomin da kuɗinsa ke shigowa sau ɗaya a shekara ba.

Inda nake ganin rancen gida yake da rauni na haƙiƙa wani wuri ne daban, kuma daga ƙarfinsa raunin ya fito. Mutanen da suka san juna sosai gari ɗaya suke, sana'a ɗaya suke yi, masifa ɗaya ce kuma take samunsu a rana ɗaya. Akwati yana iya ɗaukar nauyin mace guda da ɗanta ya kwanta asibiti. Ba zai iya ɗaukar ambaliyar Satumban 2010 ba, wadda ta shafe gonaki da gidaje a Goronyo da Wurno da sauran garuruwan bakin Rima, ko irin janyewar da ruwan madatsar Goronyo ya yi a farkon 2018, lokacin da tafkin da aka gina don ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942 ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. Sannan ga rashin tsaro. A Yulin 2018 'yan bindiga sun kashe fiye da mutum 30 a Tabanni ta ƙaramar hukumar Rabah, jama'a suka yi gudun hijira zuwa Gandi. A Oktoban 2021 an kashe aƙalla mutum 43 a harin kasuwar Goronyo, a daidai lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar. Idan ƙauye ya watse, ƙungiya ta watse tare da shi, mai bin bashi da wanda ake bi duk sun zama 'yan gudun hijira, akwatin ƙarfe mai kuɗi kuma ya zama abin tsoro a ɗakin da aka ajiye shi. Rufe iyakar Illela a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ya taɓa duk masu fatauci lokaci guda. Ga hauhawar farashi da ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban 2024, wadda ke nufin mai kwasar ƙarshe a adashin shekara tana karɓar kuɗin da ya rasa kusan rubu'in ƙarfinsa.

A nan ne kuɗin waje yake da aikin yi, amma yadda yake shigowa shi ne komai. Shirin Anchor Borrowers da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 ya raba fiye da naira tiriliyan ɗaya kafin Babban Banki ya janye daga irin waɗannan shirye-shirye a ƙarshen 2023, kuma kaso mai yawa bai dawo ba. Dalilan suna da yawa, har da ambaliya da makarar kayan noma, amma babba a cikinsu shi ne yawancin ƙungiyoyin manoman da aka ba rancen an haɗa su ne don a karɓe shi. Mutanen da ba su taɓa zuba kwabo tare ba ba su da abin da za su yi asara idan ɗayansu ya ƙi biya, kuɗin kuma aka ɗauke shi romon dimokuraɗiyya. Da ruwan ciki akan ja na rijiya: ƙungiyar da ta shekara uku tana zubi da rance da biya, da littafinta a hannu, ta riga ta yi wa banki aikin tantancewar da yake gudu. Ita ya kamata a ba rance a dunƙule, gwargwadon abin da ta tara, ita kuma ta raba wa 'ya'yanta. Wani zai ce wannan hanya tana da jinkiri alhali bukata tana da gaggawa. Haka ne, sai dai hanyar gaggawar an gwada ta tun 1989. Ƙungiyoyin lamuni na ƙauyukan Jamus da Raiffeisen ya fara a 1864 sun ci karo da wannan matsala ta gari ɗaya masifa ɗaya, kuma cikin shekarun 1870 suka kafa wa kansu babban asusu na yanki, inda rarar wani ƙauye ke toshe gibin wani. Ƙungiyoyin masu tafarnuwa na Wurno, da masu shinkafa na Goronyo, da masu kiwo na Rabah ba a wata ɗaya suke neman kuɗi ba, ba kuma a wata ɗaya suke samu ba, don haka haɗakarsu a asusu ɗaya mai rajista a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyin gama kai za ta yi abin da kowaccensu ba ta iya ba.

Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne jarin jira. Albasar da ke cikin rudu ana ganinta, ana ƙirga ta, kuma ƙungiya za ta iya riƙe ta a matsayin jingina ta ba mai ita rabin kuɗinta a watan Afrilu, ya biya dillali ya sayi hatsin gida, a sayar a ƙarshen shekara a cire bashin. Haɗarin da ke ciki shi ne ruɓewa, domin albasa tana raguwa sosai a ajiyar gargajiya idan damina ta shigo, saboda haka dole a yanke tun farko wa zai ɗauki asarar, kuma kada rancen ya wuce abin da ragowar za ta iya biya. Tafarnuwa ta fi jure ajiya, don haka da ita ya fi sauƙi a soma. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, wadda ta saba ba masu ƙaramin ƙarfi jari, za ta iya gina rumbunan ajiyar a matsayin waƙafi ta damƙa wa ƙungiyoyin da littafinsu ya nuna sun shekara uku suna biya.